Wasika zuwa ga Edita: kwasa-kwasan intanet na kyauta, wa ke duba aikin dalibi?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Bayan gaisuwa da fatan alheri gareka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina rokon ka bani dan fili in fadi albarkacin bakina akan wani abu da ya dade yana ci min tuwo a kwarya, wato kwasa-kwasan nan na intanet da ake ta tallatawa matasanmu, ana ce musu kyauta ne, kowa ya shiga, Harvard ta zo har cikin wayarka. Ni dai ba farfesa bane, dan shago gareni a Tudun Wada inda muke buga takardu da fotokwafi da cike fom na makarantu da na neman aiki, amma a wannan sana'ar babu irin satifiket din da bai bi ta hannuna ba, kuma daga abin da mutane ke kawowa a buga musu kana iya gane inda gari ya dosa.

Da can abin da ake kawo mana sakamakon WAEC ne da NECO, sai takardar haihuwa da ta shaidar karamar hukuma. Yanzu kuwa yaro zai shigo da waya a hannu ya turo maka satifiket tuli guda ta WhatsApp, wannan na nazarin bayanai, wancan na tallan intanet, ga na tsaron kwamfuta, duk da tambarin manyan jami'o'i da kamfanonin waje a jiki. Kwanaki wani yaro dan unguwarmu, mai hankali kuwa da ladabi, ya kawo nasa a buga masa mai kala a yi laminatin, cikinsu har da na Excel, manhajar nan ta hada lissafi a kwamfuta. Nace madalla, dama ina da lissafin kudin takarda da tawada da nake so a hada min, ga kwamfuta nan zauna. Wallahi Malam Edita yaron nan ya dade yana kallon allon, karshe sai ya ciro wayarsa ya bude kalkuleta ya fara tarawa daya bayan daya. Tausayi ya bani, don ba karya ya yi ba, satifiket din na gaske ne, sunansa ne a jiki, akwai ma lambar da zaka shiga ka tabbatar. Ya kalli bidiyoyin a waya, ya amsa tambayoyin canki-canka, aka bashi takarda. Bai taba dora yatsunsa akan kibod ya yi abin da kansa ba tunda bashi da kwamfuta, kuma tun daga farkon kwas din har karshensa babu mahalukin da ya ce masa yi in gani.

Su wadanda suka kirkiro abin sun dade da gane wannan matsalar, mu ne dai labari ke iso mana a makare. A Kanada aka fara a 2008, wasu malamai biyu George Siemens da Stephen Downes suka bude kwas a jami'ar Manitoba, dalibai 25 ne a aji, sai kuma mutum sama da 2,000 suka bi ta intanet ba su biya ko kwabo ba. Amma inda duniya ta rude shi ne 2011, lokacin da Sebastian Thrun da Peter Norvig suka saki darasinsu na kirkirarriyar basira daga jami'ar Stanford, mutum 160,000 suka yi rijista. Shekara na zagayowa sai ga manyan dandalolin irin wadannan kwasa-kwasai, ga Coursera, ga Udacity, ga edX wadda jami'o'in MIT da Harvard na Amurka suka zuba dala miliyan 60 suka kafa. A lokacin har cewa ake jami'o'i sun kusa zama tarihi, wai dan talakan Afirka zai yi karatu iri daya da dan mai kudin Amurka.

Sai aka zo kirga wadanda suka kai karshe. A wancan darasin na Stanford kimanin 23,000 ne suka gama. Kwas din farko da MIT ta saki akan ilimin lantarki, mutum kusan 155,000 suka shiga, wadanda suka ci suka karbi shaida ba su wuce 7,000 da 'yan kai ba. A 2013 jami'ar San Jose State ta jihar Kalifoniya ta gwada amfani da darussan Udacity wajen koyar da lissafi, har da dalibai masu rauni wadanda dama saboda irinsu aka ce an yi abin, fiye da rabi suka fadi, dole aka dakatar da shirin. A shekarar dai wani bincike na jami'ar Pennsylvania ya gano kusan kashi 80 cikin 100 na masu daukar kwasa-kwasansu a Coursera dama suna da digiri. Aka ce ai sabon abu ne, a yi hakuri zai gyaru. Toh a 2019 Justin Reich na MIT da abokin aikinsa suka duba bayanan shekaru na kwasa-kwasan MIT da Harvard, suka tarar wadanda ke kammalawa sun koma wajen kashi 3 cikin 100, kuma mafi yawan masu shiga daga kasashe masu arziki suke. Wato wanda dama yana da ilimi, yana da wuta, yana da kwamfuta, ya iya Turanci, ya iya karatu shi kadai ba sai an tsaya a kansa ba, shi ne ya kara gaba.

Na san wani zai ce ai kashi 3 na mutum dubu dari ma mutum dubu uku ne, wace jami'a ce zata yaye wannan a aji daya, kuma da yawa dama lekawa kawai suka yi ba niyyar gamawa garesu ba. Gaskiya ne wannan, ban musa ba. Amma ni damuwata ba wanda ya leka ya wuce bane, damuwata yaron Rigasa ko Hayin Banki da ya shiga da niyya daya, ya ci bashin kudin data, ya kai mako na uku ya makale akan abu daya da in da akwai malami a kusa cikin minti biyar zai warware masa, ya rubuta tambaya a dandalin kwas din babu wanda ya kula shi, daga nan ya yanke hukuncin cewa shi ne dakiki. Irin wannan ba ya sake gwadawa.

Sai maganar kyauta. Hausawa sun ce banza bata kai zomo kasuwa. Bidiyon ne kyauta, amma hanyar da zai bi ya iso wayarka ba kyauta bace. Lakcar awa daya tana iya lashe daruruwan megabayit, kwas daya kuma akwai lakcoci barkatai, ga shi a watan Janairun 2025 hukumar sadarwa ta kasa NCC ta amince a kara kudin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100. Yaranmu da yawa sai tsakar dare suke tashi saboda datar dare ta fi araha, su sauke bidiyo kafin asuba, da safe kuma su tafi wajen aiki ko kasuwa ido jajir. Wuta kuwa kowa ya san yadda ake ciki, wanda ke layin da ake cewa Band A, wato na wadanda aka fi bawa wuta, tun Afrilun 2024 kudin ya ninka fiye da sau uku, wanda ba ya kai kuma sai dai ya kai wayarsa wajen mai caji ya biya, ko ya jira makwabci ya tada janareta, shi ma tun da aka cire tallafin mai a 2023 ba kullum yake tayarwa ba. Kar kuma a manta a karshen Satumban 2021 an rufe layukan waya a wasu sassan jihar nan saboda matsalar tsaro, kusan wata biyu mutanen bangaren Birnin Gwari da Giwa da wasu yankunan Chikun da Igabi ba sabis. Dalibin da ke can yana tsakiyar kwas mai wa'adin mika aiki duk mako, wa zai kaiwa uzuri?

In ka daure duk wannan ka kai karshe sai a ce satifiket kuma da kudi, kuma da dala. Akwai kwasa-kwasan da ake biyan dala 49 duk wata, in ka buga a naira 1,500 ya kama naira 73,500, alhali mafi karancin albashi a kasar nan naira 70,000 ne. Akwai tallafi ga marasa hali, wannan gaskiya ne kuma yara suna samu, amma sai ka rubuta dogon bayani da Turanci akan dalilin da yasa baka da kudi, ka jira kusan mako biyu. Har an samu masu sana'ar rubutawa mutane wannan bayanin ana biyansu, ka ga wani ikon Allah. An kuma yi wani dogon lokaci da yawancin bankunanmu suka hana biyan kudi a waje da katin naira, ko kana da kudin sai ka nemi wanda ke da katin dala.

Kuma fa su kamfanonin ba don Allah suke yi ba, kasuwanci ne, ba laifi bane amma ya kamata a fadawa yara gaskiya. edX din nan da aka kafa ba don riba ba, a 2021 aka sayar da ita ga wani kamfani mai suna 2U akan dala miliyan 800, shi kuma a 2024 ya garzaya kotu neman kariya saboda bashi ya yi masa katutu. Udacity tun tuni ta bar maganar ilimi kyauta ga kowa ta koma horar da ma'aikata da kudi, a 2024 kamfanin Accenture ya saye ta. Duk shekara abin da ake bari a bude yana raguwa, na biya yana karuwa.

Harshe ma wani babban shinge ne da ba a cika son fada ba don kar a ce mutum bai waye ba. Yaron da ya gama sakandaren gwamnati, Turancin malaminsa ma da kyar yake kamawa, sai a hada shi da farfesan Boston mai magana ta hanci da sauri, yana bada misali da wasan da ba a yi a nan da harajin da bamu sani ba. Wasu kasashen ba su tsaya jiran kowa ba. Sin ta bude nata dandalin XuetangX a 2013 karkashin jami'ar Tsinghua da harshensu, Faransa ta bude nata da Faransanci a shekarar, a Jodan gidauniyar Sarauniya Rania ta kafa Edraak a 2014 ana koyarwa da Larabci zalla. Mu da muke da masu jin Hausa miliyoyi daga nan har Nijar da Gana da Sudan, abin da muke da shi sai 'yan tsirarun matasa da ke kokari da aljihunsu a YouTube da TikTok suna koyar da kwamfuta da lissafi, Allah ya saka musu, amma babu mai duba abin da suke koyarwa daidai ne ko kuskure, babu kuma mai basu ko kudin makirfo. Abin haushin shi ne akwai kayan karatu masu kyau da doka ta yarda a dauka a fassara. MIT tun 2001 ta sanar zata zuba kayan darussanta a fili, kuma da lasisin da ya yarda ka kwafa ka gyara ka fassara muddin ka ambaci mai shi kuma ba sayarwa zaka yi ba, UNESCO ma a 2019 ta fitar da shawara ga kasashe su karfafa irin wannan. Yawancin na Coursera ba haka suke ba, kallo kawai aka yarda ka yi. Ga sassan Hausa a ABU da KASU, ga na kimiyyar kwamfuta a gefensu, me zai hana a hada dalibai 'yan ajin karshe a ce aikin kammalawarku shi ne ku mayar da darasi kaza zuwa Hausa, malami ya duba ya sa hannu? Ai ya fi kundin da ake daurewa a ajiye kura ta cinye.

Yanzu bari in zo kan abin da ya fi damuna, wato jarrabawar. Yawancin kwasa-kwasan nan tambayoyin canki-canka ne, in ka fadi ka sake, in ka sake fadi ka kara sakewa har sai ka dace. Amsoshin kuma suna nan zube a intanet, akwai guruf-guruf a Telegram da ba abin da ake yi sai raba su. Inda aka ce ka rubuta wani abu da kanka, 'yan uwanka dalibai ne ke dubawa, mutumin da shi ma sauri yake a duba nasa, sai ya danna maka maki cikakke bai ko bude ba. Tun da ChatGPT ya fito a karshen 2022 kuwa sai abin ya zama wasan yara, ka kwafo tambaya ka manna, ka kwafo amsa ka manna. Ni da kaina an sha zuwa shagona ana tambaya ko muna yiwa mutum kwas, wato ya bada sunansa da kudi ya dawo bayan kwana biyu ya karbi satifiket. Bana yi, amma na san ba a rasa masu yi a gari. Wanda ya fi cutuwa da wannan shi ne yaron da ya yi tsakani da Allah, ya hana idonsa barci wata uku, saboda takardarsa da ta wanda ya saya iri daya ce sak, mai daukar aiki kuma da ya gane haka sai ya daina kallon dukkansu.

Ga kuma namu na gida da suka ga kasuwa ta bude. Kullum sai ka ga talla, koyi sana'ar intanet cikin kwana bakwai ka fara karbar dala, rijista dubu biyar kacal, gurbi ya kusa cika. Ka biya a jefa ka guruf din WhatsApp, a turo maka bidiyoyin da aka kwaso daga YouTube da sakon murya guda uku, rana ta bakwai a turo satifiket da aka zana a manhajar zane ta Canva, daga nan malam ya daina daga waya. Ba duka ba, akwai na kirki da nake gani suna bin dalibansu daya bayan daya, amma ta ina uwa da ta sayar da akuyarta don ta biyawa danta zata bambance?

Kar a dauka ina cewa abin bashi da amfani. Lokacin korona a 2020 da kuma yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba, yara da yawa da wadannan kwasa-kwasan suka rike kwakwalwarsu maimakon zaman majalisa. Na san matar aure da bata fita, da waya ta koyi lissafin kudi take rike littafin shagon mijinta da na wasu 'yan kasuwa biyu. Na san ma'aikaciyar jinya da ta karu sosai. Na san yaron da yanzu yake rubuta manhaja ana biyansa daga waje. Amma da na bi diddigi sai na ga dukkansu akwai wani a gefe, ita matar kanin mijinta akanta ne yana duba mata, shi yaron kuma ya samu wasu da suka riga shi a harkar suna haduwa duk Asabar a Barnawa, ya nuna abin da ya rubuta su ce masa nan ka yi shirme, gyara. Ban taba ganin wanda ya tashi daga sifili shi kadai da waya ya zama gwani ba.

Mu fa ilimi a bude ba bakonmu bane. Karatun zaure babu fom babu kudin makaranta babu iyakar shekaru, dan kasuwa da tela da ma'aikacin gwamnati kowa ya zo da littafinsa bayan asuba ko bayan magariba, wanda ya ga dama ya zauna ya saurari na wasu. Amma in layi ya zo kanka kai zaka karanta da bakinka, malam na ji, ka yi kuskuren wasali ya tsayar da kai, ba zaka wuce babi ba sai ya gamsu. A daya bangaren kuma shekara da shekaru mutanen Arewa suna sauraron tafsirin marigayi Sheikh Abubakar Gumi daga masallacin Sultan Bello ta gidan rediyon Kaduna, an karu kwarai, amma babu wanda ya taba cewa tunda na saurara Ramadan goma a bani shaidar zama malami. Kwasa-kwasan intanet sauraron rediyon ne, mu kuma muna raba musu shaidar zaure.

Kuma ba sai mun je Amurka neman yadda ake karatu daga nesa ba, a nan Kaduna aka kafa cibiyar horar da malamai ta kasa NTI tun 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare ga kowa na UPE, kuma da littattafai da haduwar karshen mako ta horar da malaman firamare masu dimbin yawa a fadin kasar nan suna kan aikinsu. Budaddiyar jami'a NOUN kuwa Shagari ne ya kafa ta a 1983, soja suka dakatar a 1984, sai zamanin Obasanjo aka farfado da ita, shi kansa a can ya yi digirinsa na uku bayan ya sauka, Farfesa Abdalla Uba Adamu ma ya shugabance ta daga 2016 zuwa 2021. Tana da cibiya a nan Kaduna, littattafan darussanta suna nan a shafinta kowa na iya saukewa ko ba dalibinta bane, daliban wasu jami'o'in ma suna zuwa mu buga musu. ABU ma tana da cibiyar karatu daga nesa. Ba cewa nake wadannan basu da nasu matsalolin ba, an dade ana ja-in-ja akan bautar kasa da shiga makarantar lauyoyi ga daliban NOUN, kuma duk inda aka bar dalibi ya yi aikin gida a waya sai an samu masu sayar da amsa. Amma akwai abu daya da suka rike, ranar jarrabawa sai ka zo da kafarka, da katinka, ka zauna ana kallonka. Shi yasa digirinsu yake digiri.

Indiya ta hada biyun kuma ni a ganina su ya kamata mu kwaikwaya, tunda su ma talakawa ne da yawa kamar mu. Manyan cibiyoyinsu na fasaha da ake kira IIT suna da shirin NPTEL, farfesoshinsu ne ke koyarwa, kowa ya kalla kyauta, har 'yan injiniyan mu na nan suna kallo a YouTube. Amma in kana son shaida sai ka biya rufi 1,000 na kudinsu ka je cibiya ka rubuta jarrabawa ana tsaye a kanka. A 2017 gwamnatinsu ta kaddamar da dandalin SWAYAM, kuma hukumar jami'o'insu ta yarda makin da dalibi ya samu a can a lissafa masa a digirinsa, a 2021 aka daga har zuwa kashi 40 cikin 100 na darussan zango. Ka ga a nan dalibi ya san ba wahalar banza yake ba, mai daukar aiki kuma ya san takardar bata zo ta bayan gida ba.

Mu me ya hana? Cibiyoyin jarrabawa ta kwamfuta, wato CBT, da JAMB ta tantance suna nan a Kaduna da Zariya da Kafanchan, kowace da kwamfutoci dari biyu da wani abu, da janareta, da kyamarori, da na'urar daukar zanen yatsa, kuma in aka gama jarrabawar shiga jami'a yawancinsu a rufe suke kusan duk shekara, masu su na kukan ba ciniki. A ce duk wata uku akwai ranar da wanda ya yi kwas a intanet zai je ya biya kudi kadan a gwada shi, kuma gwaji na yi in gani, a bashi kwamfuta a ce hada wannan lissafin, gyara wannan manhajar. Hukumar kula da ilimin fasaha NBTE hedikwatarta a garin nan take, kuma dama tana da tsarin tantance masu sana'ar hannu a basu shaida bisa abin da suka iya yi ba bisa ajin da suka zauna ba, ashe ba sabon abu za a kirkiro ba. Sauran ranakun kuma a bude wuraren da yamma, da dakunan kwamfuta na makarantun sakandare da ke kulle, da dakunan karatu na gwamnati, a sa sola, a sauke darussan sau daya a ajiye a kwamfuta daya kowa ya dauka ba sai ya kona datarsa ba, a ajiye mutum daya ko dan bautar kasa ne da ya san abin, wanda za a ce masa malam ban gane nan ba. A ware ranakun mata da malama mace, don akwai gidaje da yawa da ba za a bar yarinya ta je ta zauna cikin samari har magariba ba, kuma duk wanda ya san garin nan ya san haka ne.

Shirin 3MTT na horar da matasa fasahar zamani da ministan sadarwa Bosun Tijani ya kaddamar a karshen 2023 ya dan kama hanyar, tunda ya hada karatun intanet da haduwa ido da ido a cibiyoyi. Abin da nake so a rika fada mana shi ne mutum nawa suka gama, nawa aka gwada aka ga sun iya, nawa suka samu abin yi bayan shekara daya. Adadin wadanda suka yi rijista ba labari bane, Stanford ma ta tara 160,000. Haka 'yan siyasarmu da ke tara matasa a dakin taro a raba musu linki da hular kamfen a ce an horar da matasa dubu kaza akan fasahar zamani, don Allah 'yan jarida ku rika komawa bayan wata shida ku nemi ko goma daga cikinsu ku ji.

Iyaye kuma da ke zuwa shagona suna tambaya ko su biya, abin da nake ce musu shi ne su tambayi mai kwas din abu uku, wa zai duba aikin yaron, a ina zai taba kwamfuta, kuma a nuna musu dalibi daya da ya gama wanda zasu iya magana da shi. In ya fara kame-kame su rike kudinsu.

Malam Edita, rokona na karshe shi ne ka tura wakilinka ya je NBTE da cibiyar NOUN ta nan Kaduna da ma'aikatar ilimi ta jiha, in da hali har hukumar jami'o'i NUC a Abuja, ya tambaye su kai tsaye, shin satifiket din kwas na intanet yana da wani matsayi a wajen daukar aikin gwamnati ko karin girma ko neman gurbin karatu, in yana da shi wanne da wanne aka amince da su, in kuma babu a fito a fada da Hausa a rediyo kowa ya ji. Ku buga amsar da suka bayar a wannan shafin, ni kuma zan yanke in manna a kofar shago.

Na gode da wannan fili, Allah ya kara daukaka.

Naku,
Mai shagon buga takardu,
Tudun Wada, Kaduna.